Na yi hoton MRI na gwiwa a Ikeja, ga abin da na gani

Yau wata bakwai kenan da na zamo daga kan motar albasa a kasuwar Mile 12 da ke Legas gwiwata ta hagu ta murɗe, tun daga ranar sallah ma sai a kan kujera. Na je wajen mai ɗori a Agege ya ce targaɗe ne, ya ja ya ɗaure, kumburi ya saɓe amma ciwo na nan daram. Eksire kuwa sau biyu na yi a wani ƙaramin asibiti duk suka ce ƙashi lafiya lau, to in lafiya lau ne me ya sa ƙafar take sarƙewa in na zo miƙewa?

Sai da na je asibitin ƙashi na Igbobi likita ya fahimtar da ni cewa shi eksire ƙashi yake nunawa, guringuntsi da jijiyoyin da suka riƙe gwiwa ba sa fitowa a ciki, sai dai MRI, wato hoton cikin jiki da ake ɗauka da injin maganaɗisu. Ya rubuta min takarda na kai wata cibiyar ɗaukar hoto a Ikeja.

Gaskiya akwai tsada, sai da yayana ya cika min kuɗin. Kuma sun ce in zo ƙarfe 9, na yi sammako saboda goslo amma ba a kira ni ba sai bayan azahar, ba wanda ya leƙo ya ce min ka yi haƙuri, wallahi abin ya ɓata min rai.

Amma ma'aikacin da ya ɗauki hoton Allah ya saka masa da alheri, Bayarabe ne mai 'yar Hausa kaɗan, "sannu Malam" kawai yake ta ce min. Ya tambaye ni ko an taɓa sa min ƙarfe a jiki ko na'urar bugun zuciya, ya sa na cire zobe da agogo da waya har katin ATM, don injin maganaɗisu ne mai ƙarfin gaske. Ni da na zo ina tsoron za a cusa ni cikin rami, ashe ƙafa ce ke fara shiga, kaina yana waje. Ƙara dai kamar injin markaɗe, ya ba ni abin toshe kunne ya ce kar in motsa ko kaɗan don hoton zai lalace, haka na kwanta wajen minti 30 ina ta salati a zuci, ba allura ba zafi.

Bayan kwana biyu na karɓo sakamako, ashe guringuntsin da ke tsakanin ƙashin cinya da na ƙwauri ne ya yage. Wata bakwai ina shafa man zafi a kan abin da ya yage!

Duk wanda zai je don Allah kar ya taho da takardar sakamako kaɗai, ya ce a haɗa masa da faifan CD, don ni likitana hoton ya fara buɗewa kafin ya karanta takardar. Yanzu ya tura ni gashin ƙashi, ya ce in sarƙewar ba ta bari ba za a yi aiki ta 'yar ƙaramar kafa da kyamara. Ranar Talata zan fara zuwa in sha Allah.