Sabulu ko makamashi: me ya fi dacewa da gilisarin ɗin da ke saura bayan haɗa biyodizal?

Wani ɗan'uwa a cikinmu, wanda yake sayen ragowar man tuya a hannun masu ƙosai da awara yana mayar da shi dizal, wato biyodizal, ya ce jarkoki sun fara cika masa ɗaki da baƙin ruwan nan mai kauri da ke kwantawa a ƙasan duro, wato gilisarin. Yana so ya san wanne ya fi, ya yi sabulu da shi, ko ya cuɗa shi da garin katako ya riƙa hura wuta.

Malam, a bisa lissafi kilo 100 na mai yana ba da kusan kilo 10 na gilisarin, amma abin da ka tara ya zarce haka, domin a cikinsa akwai sabulun da ya haɗu da kansa, da ragowar soda, da mitanol (sinadarin da ake haɗawa da mai da soda wajen yin dizal ɗin) wanda bai shiga aiki ba. Wannan mitanol guba ne mai makantarwa, fata tana tsotse shi, kuma idan ya kama wuta da rana da ƙyar ake ganin harshenta. Saboda haka ko wace hanya ka zaɓa, sai ka fara ɗumama ruwan ya haura digiri 65 a ma'aunin Salshiyas domin mitanol ɗin ya fita a tururi, a fili inda iska ke kaɗawa, nesa da wuta mai ci. Wanda ya iya bi da tururin ta bututun jan ƙarfe da aka nutsa cikin ruwan sanyi zai tare mitanol ɗinsa ya sake aiki da shi.

A wajen sabulu, dattin da ke cikin ruwan shi ne jarin. Shi kansa gilisarin ba ya zama sabulu, sai dai ya sa sabulun ya yi laushi a hannu; abin da soda take kamawa ta mayar sabulu shi ne maiƙon da ya rage. Man da ya sha tuya har ya yi duhu, irin naka, ya fi sabon mai barin wannan maiƙo. Idan da sodar da ake sabulu da ita ka haɗa dizal ɗinka, za ka sami sabulu mai tauri na yankawa, idan kuwa da ta fotash ce, na ruwa zai fito. Yawan sodar da za a ƙara ya danganta da man, don haka a gwada da lita ɗaya tukuna, a zuba a mazubi, a bar shi makonni ya huce kafin a taɓa shi da hannu. Launinsa kamar na sabulun salo ne, wani lokaci har da ɗan ƙamshin ƙosai, kuma ba zan ba da shawarar a yi wa yaro wanka da shi ba. Amma bakanike da ya wuni hannunsa cikin baƙin mai, ko mai wankin tukwanen gidan abinci, zai ga amfaninsa tun ranar farko.

Ƙonawa kuwa ta fi sauƙi a ido, tunda ba a sayen komai sai garin katako, kuma tana cinye jarkoki da sauri fiye da yadda za ka iya sayar da sabulu. Matsalar tana ga zafin wuta. Gilisarin ba ya kamawa da wuri, kuma idan ya yi ta cin wuta a hankali yana hayaƙi, yakan fitar da wani sinadari mai suna akrolin, wanda shi ne ke sa ido yaji da hawaye idan mai ya ƙone a kasko, yana kuma yi wa huhu illa. Murhun duwatsu uku a madafar da mace take tsugune tana fifita wuta shi ne wuri mafi muni da za a kai shi. Inda curin gilisarin da garin katakon yake da amfani shi ne rufaffen tanderu mai bututun hayaƙi, wanda itace ya riga ya yi ja a cikinsa, sannan a riƙa jefa curin kaɗan-kaɗan. Tokar da za ta rage tana ɗauke da soda, ba a zuba ta a gona yadda ake zuba tokar kara.

Idan aka jera su, sabulu yana cin lokaci da kuɗin soda, amma yana dawo da kuɗi, kuma kuskurensa mai gyaruwa ne, domin ana iya narkar da shi a sake. Ƙonawa ba ta cin kuɗi sosai, sai dai kuskurenta a ƙirjin mutane yake sauka. Ga mai haɗa 'yan jarkoki a mako kamar kai, sabulu na zaɓa, a bar wuta ga wanda yake da tanderun da ya dace. Ragowar ruwan da ba ka iya mayarwa sabulu ba, idan akwai mai ramin da ake samar da gas daga kashin shanu kusa da kai, ka kai masa bayan an cire mitanol, ya riƙa ɗiga kaɗan a kan kashin, domin idan ya yi yawa ramin yakan yi tsami gas ya tsaya.