Hom tiyatar da ta tashi mutanen gidanmu ƙarfe biyun dare

Wata huɗu ke nan da na sayi hom tiyatar nan mai wufa ɗaya, wato babbar sifikar da ke fitar da bes, da ƙananan sifiku biyu, wadda 'yan kasuwa ke ce wa 2.1, kuma har yau in aka tambaye ni ko na ji daɗinta sai na yi jim kafin in amsa. Ba zan kama sunan kamfanin ba. Duk mai zagaya shagunan kayan wuta a Sabon Gari ya san irinta: baƙa, da shuɗiyar fitila zagaye da wurin murɗa ƙara, kwalinta ya fi ta kyau.

Ɗaki da falo nake haya, falon irin 12 da 12 ɗin nan ne. Da niyyar sayen mai sifiku biyar na fita, mai shagon ne ya taka min birki, Allah ya saka masa da alheri. Ya tambaye ni girman falon, na faɗa masa, ya ce, "Yallaɓai, kujerarka jingine take da bango ko? To ina za ka kafa biyun baya, a kan kunnenka?" Ya kuma ce yawancin masu sifiku biyar na wannan farashin sauti layi biyu kawai suke karɓa, hagu da dama, sai su rarraba shi ga sauran. Wato wayoyi ne kawai za su ƙaru a ɗaki. Na yarda, kuma ban yi nadamar wannan ba.

Satin farko kam na more. Wanda ya saba kallon ƙwallon Firimiya da sifikar cikin siririn talabijin, wadda ke magana kamar an sa ta a gwangwani, ya san me nake nufi. Ranar nan na fara jin ihun 'yan kallo kamar a bayan gidanmu suke. Matsala ɗaya, na cusa wufar a kusurwa don kada yara su yi tuntuɓe da ita, ashe kusurwa ƙara mata gunji take yi. Silin na roba ya dinga rawa, kofunan maman yara na cikin shogilas suna kaɗawa, in ta kunna fim ɗin Hausa kuwa kiɗan ya danne maganar, sai ta yi ta cewa "me ya ce?" Na jawo ta kamar taku biyu daga bango, na ɗora ta a kan kafet, na mayar da bes ɗin ƙasa da rabi. Shi ke nan, magana ta fito tas. A lokacin da wani ya tambaye ni, cewa zan yi ya rufe ido ya saya.

Sai daren wata Laraba. Muna kallo wajen tara da rabi aka ɗauke wuta, muka ɗan zauna a duhu, da muka ga ba alamar dawowa muka shige muka kwanta. Babu wanda ya tuna da soket. Ƙarfe biyu da 'yan mintuna aka kawo wutar. Ashe baiwar Allahn nan ba ta jiran a kunna ta, wuta na shiga take tashi, kuma ba ta tuna inda aka bar mata ƙara. Da farko muryar matar nan mai Turanci ce ta fasa dare, tana shelar Bluetooth ya shirya, da ƙarfin da ban taɓa sanin na'urar na da shi ba. Kafin in gane duniyar da nake, ta laluɓo wayar maman yara da ke jikin caja, wayar kuma ta ci gaba daga inda ta tsaya da rana: waƙar biki, da kalangu da guɗa.

Jaririnmu ɗan wata bakwai ya tsala ihu. Na diro daga gado na buga gwiwa da ƙofa, na shiga laluben rimot, na same shi a ƙarƙashin kushin, na danna, na danna, ko gezau, domin shi ma sai ka saita shi daidai goshinta yake ji. Ƙarshe wayar wutar na'urar na fizge daga bango. Da shiru ya sauka sai na ji ana buɗe ƙofofi a tsakar gida. Maƙwabcina na ɗakin gefe, wanda bango ɗaya ya raba mu, yana salati. Baba mai gidan ya fito da tocila da gora, yana tambaya ko lafiya. Ta taga na ce, "Lafiya lau Baba, a yi haƙuri, kayan kallo ne." Bai ce komai ba, kuma wallahi da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Da Asuba a ƙofar masallaci ya riƙe hannuna ya ce, "Ɗana, ashe biki aka yi a ɗakinka jiya ba a gayyace mu ba?" Mutane suka kwashe da dariya. Har yau yaran gidan in sun gan ni sai su yi guɗa ƙasa-ƙasa.

Na mayar da ita shago a fusace. Mai shagon bai yi musu ba, ya ɓalle sabon kwali muka gwada wata, ita ma hali ɗaya. Wani mai gyara a gefe ya ce haka aka ƙera allon cikinta, muryar matar ba ta bin makunnin ƙara, kuma ba wani saiti da zai cire ta. Maganin kawai a kashe soket. To a ƙasar da wuta ke zuwa ta koma ba sallama, wa ya ce wannan ƙaramin aibi ne?

Tunda raina ya ɓaci, bari sauran ma su fito. A jikin kwali an rubuta 3000W da manyan baƙaƙe, PMPO a gefe da ƙanana, wato lambar talla ce ta ƙololuwar ƙarfi na ɗan ƙiftawar ido. Na juya bayan wufar, takardar da ke manne ta ce wutar da take ja 45W ce. Abin da ke shan 45 ta ina zai amayar da dubu uku? Lambar da ake dubawa ita ce RMS, wato ainihin ƙarfin da na'ura ke iya fitarwa a kai a kai, ita kuwa ko a littafin ciki ban gan ta ba. Sannan Bluetooth ɗin na jin waƙa ne, ba na kallo ba: baki ya motsa, magana ta biyo baya, ka ga ƙwallo a raga kafin mai sharhi ya buɗe baki. Na ce bari in koma waya, sai na tarar talabijin ɗina ba shi da ramukan ja da fari na fitar da sauti, sai na optikal, ita kuma ba ta da shi. Dole na sake komawa kasuwa na sayi ɗan akwatin da ke juya sautin, na zo ya yi ta shiiii, sai da na shiga saitin talabijin na mayar da sautin PCM sannan ya yi magana. Wannan kuɗin da kuɗin adaidaita ba su cikin lissafina. Wayoyin ƙananan sifikun kuma gajeru ne, sai da na sa aka yi musu ƙari.

Amma fa 45W ɗin nan da nake yi wa gori ita ce ta sa ƙaramar inbatarmu ke ɗaukarta tare da talabijin da fanka ba ta ko kuka. Kuma a falo irin nawa ban taɓa kai ƙarar rabi ba. Sautin, tsakani da Allah, ya fi kuɗinsa. Shi ya sa na kasa sayar da ita, na kuma kasa yafe mata.

Ƙanin maman yara ya zo makon jiya yana son irinta. Na ce masa in ya je shago kada ya tsaya sauraron kiɗan da za su ƙure masa. Ya rage ƙarar, ya zare wayar daga soket, ya mayar, ya ji da wace murya za ta farka. Ni dai jiya ma har barci ya fara ɗaukata na zabura, na fita falo a duhu na shafa soket ɗin, na tarar maman yara ta riga ni kashewa.