Fayiba ko kwalta? Ga abin da na gani a jirginmu

Ɗan'uwa, batun tsohon jirginka mai yoyo, da ka ce ko a lulluɓe shi da fayiba (wato zaren gilas da ake shafe shi da gam ya daskare ya yi tauri) ko a bi shi da kwalta: kwalta za ka yi, amma sai an fara fitar da ruɓaɓɓen katakon.

Jirgin da muke su da shi a Yawuri na mahaifinmu ne, Allah Ya jiƙansa. Shekarar da ya fara shan ruwa, har yaro guda ba shi da aiki sai kwarfewa da ƙwarya, muka ja shi tudu muka kife, iskar hunturu ta busar da shi sarai. Baba ya bi shi da tsinin wuƙa. Duk inda wuƙa ta nutse kamar a dafaffen rogo, sai a yanke har a tarar da jan katako mai lafiya. Kafinta ya dasa sabon maɗaci, muka cusa auduga a tsagogin, aka narka kwalta a guntun duro aka zuba da zafinta, sannan aka bi da facin langa-langa da ƙusoshi marasa tsatsa. Da ya koma ruwa katakon ya kumbura ya matse audugar, yoyon ya ɗauke. Har yau ƙanena na fita da shi, kwaltar kawai muke sabuntawa duk rani.

Fayiba kuwa na taɓa sa wa nawa, na yi da-na-sani. Yoyo kan tsaya nan take, wannan gaskiya ne. Sai dai ba ta kama katako mai danshi ko wanda ya sha kwalta, kuma katako yana kumbura yana motsewa, ita ba ta binsa. Tana ɓamɓarewa ruwa ya shige ƙarƙashinta, ruɓa ta yi ta ci ba ka gani.

Ka kiyayi masu katako da ke shafa wa farin katako jan kala su ce maɗaci ne. Ka sa a fere gefe a gabanka, ka ɗaga ka ji nauyi. Haka kuma ka kiyayi mai gyaran da zai ce a shafe ruɓar kawai. Jirgin da ya tsage kusa da garin Warra na jihar Kebbi a 2021, tsoho ne ga lodi fiye da ƙima, mutane masu yawa suka rasu.

In ruɓar ta kai katakon gindi, kada ka ɗauki fasinja sai an canja shi ɗungurungum.