Allon roba mai sake haɗewa: ya cancanci a saya wa masu koyon karate a Katsina?

Idan ɗan karate ko taikwando ya raba allo biyu da hannu a gaban jama'a, 'yan kallo a Katsina kan rabu gida biyu. Wasu su ce asiri ne irin na 'yan tauri, wasu su ce wani ƙarfi ne na ɓoye da ake tarawa a ciki da numfashi. Allon roba mai sake haɗewa, wanda masu kayan wasanni ke kawowa, kayan horo ne mai amfani, kuma shi ya fi saurin kashe wannan gardama, domin taurinsa ɗaya ne ga kowa.

Ɓari biyu ne masu haƙora da ke cije juna a tsakiya. In an buga ya rabu, sai a zura ɓari ɗaya cikin ɗayan ta gefe, a sake bugu. Ana yin sa launi-launi, kowane launi da taurinsa, sai dai tsarin launukan ya bambanta tsakanin kamfanoni, don haka a duba rubutun kwalin kafin a biya.

Abin da allon ke koyarwa shi ne sauri. A 1979 Michael Feld, Ronald McNair da Stephen Wilk sun wallafa bincike kan bugun karate a mujallar Scientific American. Hannun gwani yana kai mita 10 zuwa 14 a daƙiƙa ɗaya, ƙarfin saukarsa kuma yana haura abin da ya yi daidai da nauyin kilo 300. In saurin hannu ya ninka biyu, kuzarin bugun ninka huɗu yake yi. Shi ya sa siririn yaro mai zafin nama ke fasa abin da ƙato mai tura hannu ya kasa. Mai koyo ya auna bayan allon da kamar taƙi guda, don kada hannu ya rage gudu kafin ya isa. Ihun da ake yi yana da nasa amfanin: yana ɗaure ciki, yana daidaita numfashi da bugu, yana kore tsoro. Amma wanda ya yi ihu ya saki layin tsakiyar allon, allon ba zai motsa ba, zafin ya koma hannunsa.

Mai riƙon allon ma rabin aikin ne. Ya kafe gwiwar hannu, ƙafa ɗaya a baya, ya kawar da fuska. In ya ja baya ko kaɗan, ya shanye bugun. Da dunƙule kuwa, gaɓoɓin manuniya da na tsakiya ne za su sauka. Wanda ya sauka da na ƙaramin yatsa yana iya karya ƙashin bayan hannu.

Aibin allon roba na farko shi ne haƙoran suna lalacewa da yawan bugu, har allon ya riƙa buɗewa cikin sauƙi, mai koyo ya zaci ya ƙware. Ƙurar hunturu tana shiga ramin haƙoran ta ƙara cinye su, zafin bazara kuma yana sassauta robar in an bar ta a rana ko cikin but ɗin mota. A goge shi da tsumma, a ajiye a inuwa. Gefensa kuma yana matse yatsun mai riƙo, gara a nemi mai soso a jiki.

Na biyu, ba ya koyar da sanin katako. Allon nuni na gaske farin katako ne mai laushi, kusan santimita 30 a kowane gefe, kaurinsa bai cika santimita 2 ba, kuma yana tsagewa ne ta bin zaren itacen. Busasshe na hunturu ya fi ɗanye na damina saurin fashewa. In za a je 'yan katako, a guji madaci, a guji filawud, wanda aka manne shi falle-falle zarensa na gicciye juna. Bulo ma haka lissafin yake: siminti yana jure matsi, amma juriyarsa ga ja kusan kashi ɗaya cikin goma ce, shi ya sa tsagar ke farawa daga ƙasa idan ya lanƙwasa. In an ɗora fallaye da yawa kan juna, fensiran da ake sakawa tsakaninsu suna sa kowanne ya fashe shi kaɗai.

Ga malami mai ɗalibai da yawa, sayen allon roba guda biyu, mafi laushi da matsakaici, ya fi sayen katako kowane mako. Yara ƙanana su fara da tafin hannu ko diddige, a bar dunƙule sai ƙashinsu ya yi ƙwari.