Babbar Tashar Nukiliya, Ƙarama, ko Sabon Samfuri: Wacce Za A Saya?

Tun da ƙasashe sama da 20 suka yi alkawari a taron COP28 na Dubai a 2023 cewa za su ninka lantarkin nukiliya sau uku kafin 2050, kamfanoni ke ta baje hajarsu. Tashar nukiliya ba ta ƙona kwal ko gas, kuma tana ba da wuta dare da rana. Sai dai duk gwamnati ko kamfanin wutar da zai sa hannu a kwangila, ya fara da tambaya ɗaya: a ina aka taɓa gina irin wannan, kuma shekara nawa aka yi ana aikin? Kuɗin yuraniyom kaɗan ne a cikin farashin wutar. Gini da ruwan bashi ke cinye kaso mafi tsoka, kuma duk shekarar da aka makara, bashin hauhawa yake.

Manyan tashoshi masu megawat 1,000 zuwa 1,600 su ne aka fi sanin halinsu, na kirki da na tsiya. A Vogtle ta jihar Jojiya a Amurka, injuna biyu samfurin AP1000 sun fara aiki a 2023 da 2024, bayan jinkirin kusan shekara 7, kuɗin kuma ya haura dala biliyan 30. Olkiluoto 3 ta Finland an soma ta a 2005, ba ta kankama ba sai 2023. Amma a Barakah ta Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, kamfanin KEPCO na Koriya ta Kudu ya jera injuna huɗu iri ɗaya, APR1400, daga 2012 zuwa 2024, yau suna ba ƙasar kusan kashi 25 cikin ɗari na wutarta. Bambancin ba a ɓoye yake ba: Koriya ta riga ta saba da ginin a gida, ma'aikatan da suka gama na farko kuma su suka wuce na biyu. Mai layin wuta mai ƙarfi da aljihu mai zurfi, nan zan ce ya nufa, ya kuma sayi fiye da ɗaya.

Ƙarfin layin ba ƙaramar magana ba ce. Ƙa'idar da masana ke bi ita ce kada inji ɗaya ya wuce kusan kashi 10 cikin ɗari na wutar da ke kan layin ƙasa, don in ya tsaya kwatsam kada ya ja kowa cikin duhu.

Wannan ne ya sa ake zumuɗin ƙananan injuna, masu megawat 300 zuwa ƙasa, waɗanda ake son ƙerawa a masana'anta a kai su a haɗa. Bashinsu ba ya karya ƙashin baya, ana kuma iya ƙara su ɗaya bayan ɗaya. Amma ƙarami ba lallai ya yi araha ba. Aikin ƙananan injuna na kamfanin NuScale a jihar Idaho ta Amurka an soke shi a 2023, bayan farashin da aka yi hasashe ya tashi daga dala 58 zuwa 89 kan megawat ɗaya na awa guda. Kanada na gina ƙaramin inji samfurin BWRX-300 a tasharta ta Darlington; mai haƙuri ya jira ya ga lissafinsu na ƙarshe.

Sai sabbin samfura da ba ruwa ke sanyaya su kamar waɗancan ba. Ƙasar Sin ta fara cinikin wutar injin HTR-PM a Shidaowan a Disambar 2023, wanda iskar hiliyom ke sanyayawa, zafinsa kuma na iya amfanar masana'antu. Injin Natrium na kamfanin TerraPower a jihar Wyoming ta Amurka narkakken sinadarin sodiyom ne zai sanyaya shi, yana tara zafi a narkakken gishiri, ya ɗaga daga megawat 345 zuwa 500 in buƙata ta taso, abin da ya dace da layin da sola ta yi wa yawa. Cikas ɗinsa makamashi ne: yana buƙatar yuraniyom da aka tace sosai, tsakanin kashi 5 da 20 cikin ɗari, wanda Rasha ce babbar mai sayar da shi, hakan ma ya riga ya jawo wa aikin jinkiri.

A kwangila kuwa, a rubuta ɓaro-ɓaro wa zai ɗauki asara in kuɗi ya zarce, wa zai kawo makamashi tsawon shekara 60, da inda za a ajiye wanda aka gama amfani da shi. Alal misali, Turkiyya ta bar wa Rosatom, kamfanin nukiliya na gwamnatin Rasha, gini da mallaka da gudanar da tashar Akkuyu, ta huta da neman jari, amma ta ɗaure kanta da sayen wani kaso na wutar a ƙayyadadden farashi har shekara 15.