Imel ɗinka na rufe kansa, za ka sayi antibairos? Dakata tukuna

Abin da ke damuna shi ne da zarar manhajar imel ta fara rufe kanta ko ta tsaya cak sai ka ji an ce ai bairos ne, je ka sayi antibairos, mutum ya biya kuɗin shekara guda ya saka kuma matsalar tana nan daram, wani lokacin ma ta ƙaru. Gaskiya sau da yawa shi kansa antibairos ɗin ne ke kawo cikas, domin wasunsu suna liƙa wa Outlook, manhajar imel ta Microsoft, wata 'yar ƙaramar manhajarsu mai duba kowane saƙo kafin ya shigo, idan suka samu saɓani sai Outlook ya faɗi.

To kafin ka taɓa aljihu gwada wannan. Danne Ctrl ka riƙe sannan ka buɗe Outlook, zai tambaye ka ko ya tashi a sef mod, ka ce eh. Idan manhajar imel ta Thunderbird kake amfani da ita, Shift za ka danne. A wannan yanayin duk tarkacen da aka liƙa masa ba sa aiki, idan ya zauna lafiya kalau ka san laifin ɗaya daga cikinsu ne, sai ka riƙa kashe su ɗaya bayan ɗaya har ka kama mai laifin. Idan kuma bai daina ba, wataƙila fayil ɗin da ke ajiye saƙonninka ne ya lalace ko ya cika, na Outlook iyakarsa giga 50, kuma akwai wata 'yar manhaja, scanpst.exe, da ke zuwa tare da Office don gyara shi idan ya lalace. A waya ma haka ne, a Maris na 2021 Gmail ya yi ta rufe kansa a wayoyin Android a duniya, ba bairos ba ne, wani ofdet ne na Android System WebView, wato ɓangaren Android mai nuna shafukan intanet a cikin manhajoji, ya zo da matsala, da aka gyara shi sai komai ya daidaita.

Yanzu batun saye. Mai Windows 10 ko 11 yana da Microsoft Defender a ciki kyauta, tun Windows 8 a 2012 ya zama cikakken antibairos. Da can an raina shi kuma da dalili, amma yanzu cibiyoyin gwaji irin su AV-TEST ta Jamus da AV-Comparatives ta Ostiriya suna jera shi da manyan na kuɗi. Ba ya damun ka da talla, yana sabunta kansa tare da Windows. Ni dai ga mai buɗe imel, aikin ofis, karatu da kallo, shi nake ba da shawara a tsaya a kai. Mai Mac ma yana da nasa masu gadin a ciki, XProtect da Gatekeeper.

Na kuɗi irin su Bitdefender, ESET, Norton da McAfee fa ba na ce ba su da amfani ba ne, amma ka san me kake saye. Kama bairos ɗin kusan kunnen doki ne da Defender, abin da suke ƙara maka shi ne VPN (mai ɓoye zirga-zirgarka a intanet), ma'ajiyar kalmomin sirri, sa ido kan abin da yara ke buɗewa, lasisi ɗaya na na'urori da yawa, da wanda za ka kira idan abu ya kwaɓe. Idan gidanku kwamfuta ɗaya kowa na taɓawa, ko kana riƙe da bayanan kwastomomi, ya cancanci kuɗin. Sai dai ka duba farashin shekara ta biyu, galibi na farko rangwame ne sannan su ciri cikakken kuɗi daga katinka kai tsaye ba ka ankara ba.

Na kyauta na wasu kamfanoni su ne na fi ɗari-ɗari da su, talla ba iyaka, kuma a 2024 hukumar FTC ta Amurka mai kare masu saye ta sa kamfanin antibairos na Avast biyan dala miliyan 16.5 kan sayar da bayanan shafukan da mutane ke shiga. A shekarar ne kuma Amurka ta hana sayar da antibairos ɗin Kaspersky a ƙasarta. Malwarebytes na kyauta kam yana da daɗi, ba ya gadi kullum, sai ranar da ka ji ba ka yarda da kwamfutar ba ka sa shi ya bincika.

Kar ka haɗa masu gadi biyu a kwamfuta ɗaya, nauyi kawai da rikici. Defender yana ja da baya da kansa idan ka saka wani, to matsalar ita ce antibairos na gwaji da ya zo da sabuwar laftof, kwana 30 ya ƙare yana zaune yana ta neman kuɗi. In ba za ka biya ba cire shi gaba ɗaya ka shiga Windows Security ka tabbatar Defender ya dawo bakin aiki.

Masu Windows 10 kuma, Microsoft ta daina ba shi ofdet na tsaro na yau da kullum tun 14 ga Oktoba 2025, kuma babu antibairos ɗin da zai toshe ɓarakar da ke jikin Windows ɗin kansa, don haka kuɗin da za ka kashe gara ka fara duba ko kwamfutarka za ta ɗauki Windows 11.