Sitirif ɗin gwajin suga da zafin Sakkwato

Na'urar da nake auna ma Inna suga da ita wallahi ba ni da ƙorafi kanta, ɗan ɗigon jini kawai, kafin ka goge yatsa lamba ta fito. Sitirif ɗin ma, wato 'yan tsinkayen da ake sa ma na'urar a ɗiga jinin a kai, suna aiki lafiya lau, amma ajiyarsu ita ce aiki a garin nan.

Jikin kwalin an rubuta kada a aje su inda zafi ya wuce digiri 30, mu kuwa daga Maris zuwa Mayu sai ya haura 40, ɗaki mai kwano da azahar kam ba a magana. Akwai wani sinadari a bakin kowane sitirif, shi ke haɗuwa da sugan da ke cikin jini har na'ura ta ba da lamba, zafi da danshi na kashe mishi ƙarfi tun kwanan watan da ke jiki bai cika ba, kuma ba za ka gane da ido ba, lamba ce kawai za ta fito ba daidai ba. Ga mai allurar insulin wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, da lambar nan ake sanin yawan allurar.

Ni dai nawa suna cikin robarsu ta asali, don tana da abin tsotse danshi, na sa a ƙasan durowa a ɗakin da ya fi sanyi. Ban yarda da gindin randa ba, da sanyi amma da laima, firij ma takardar nawa ta hana. Mota da but ɗin mashin kuwa ko na minti kaɗan a'a. Ka zaro ɗaya ka rufe nan take, balle a hunturu da ƙura ko cikin Agusta.

Sai kwanan wata, wasu kamfanoni wata 3 suke ba ka bayan buɗewa, wasu 6, wasu har ranar da ke jikin kwali, don haka a karanta takardar, a rubuta ranar buɗewa jikin robar. Abin da ke ɓata min rai masu kemis da ke jera su a gilashin da rana ke duka, ko su sayar da ɗai-ɗai a leda, don Allah kar ku saya. Wanda ba kullum yake gwaji ba ya nemi mai guda 25, mai 50 sai ta lalace bai kai rabi ba.